Agogon Mzee Bituro da Tekun Pangani

Shekara hamsin da ɗaya Mzee Bituro Mafuru ya yi yana su a tsibirin Ukerewe da ke tsakiyar wani babban tafki, kuma duk tsawon lokacin nan ƙarfe bakwai na safe yake duba kwandunansa na kifi. A makarantar mishan aka koya masa girmama agogo, shi kuwa ya riƙe abin kamar addini. Da matarsa ta rasu, jiri ya fara kayar da shi a cikin kwale-kwale, sai 'yarsa Nyamisi, mai aikin jinya a Pangani, ta je ta ɗauko shi ya zauna wurinta a wannan gari na bakin teku.

Zama bai karɓe shi ba. Gidan na da nisan mil biyu daga gaɓa, babu ko ƙarar ruwa. Ya share tsakar gida, ya sake sharewa. In Nyamisi ta sayo kifi a kasuwa, sai ya ture kwanon ya ci tuwon rogonsa gaya.

"Baba, kifi ai kifi ne."

"Kifin da wani ya kama? Ni da hannuwana biyu? Nyamisi, ki ji da kyau. In Asabar ta sama ta zo ban ci kamun hannuna ba, ki kai ni tashar mota."

Ta san ba wasa yake ba, don akwatinsa na nan bayan ƙofa, bai ko kwance igiyar ba. Can gida kuwa ba wanda zai tsamo shi in ya faɗa ruwa.

Ya saƙa kwanduna huɗu irin na tafki. Ran Asabar ƙarfe bakwai ya shiga teku, ruwa iya ƙirji, ya danne su da duwatsu, ya yi alama da wata bishiyar kwakwa mai karkata. Daga nan ya bi kogin Pangani sama, yana tafiya yana ɗanɗana ruwan da tafin hannu, yana neman inda gishiri ya ƙare, ko ya sami karfasa irin ta gida. Kullum haka yake wuni. Wurin da ya ɗanɗana jiya ya ji garɗi, yau sai ya ji gishiri. Ya tofar, ya ƙara gaba.

Kwanduna kuwa ba ya komawa kansu da rana. A Ukerewe, mai leƙa kwandonsa sau biyu a yini ana ce masa mayunwaci.

Lahadi da ya duba, ba kifi, sai ɓawon kifi maƙale a bakin kwando. Litinin haka. Talata an yage gefen ɗaya. Ya lura ruwan da ya kai masa ƙirji ya koma ƙugu, sannan gwiwa, amma ya ɗauka idonsa ne ya ɓata alama. Abu ɗaya ya tabbata a ransa, akwai ɓarawo.

Ran Juma'a ya iso da sanda a hannu, ya tsaya cik. Kwandunansa huɗu na zaune a kan busasshen yashi. Teku ta yi nisa, sai ɗan farinta ake hangowa. Ya dubi agogo, bakwai daidai. Ya dubi kwakwar, tana nan inda take.

Wata tsohuwa mai tsintar kaguwa a cikin duwatsu, Bi Mwantumu, ta ajiye bokitinta ta riƙe ƙugu.

"Au, kai ne mai ciyar da hankaki? Mun yi ta tambaya wane mai alheri ne Allah ya kawo mana garin."

"Mama, ba wasa na zo ba. Wa ke sace mini kifi?"

"Ga su can kan kwakwa, kai musu sammaci. Kullum da rana in teku ta janye, kifinka na ta tsalle a kan yashi, su kuwa suna walima. Ɗaya har ya yi tumbi."

Mzee Bituro ya tuna wani Fada a makarantar mishan ya taɓa zana musu wata da teku a allo, ya ce ruwa na hawa yana sauka. Shi ya ɗauka taki ɗaya ne ko biyu.

"To yaushe za ta dawo?"

"Yau? Da azahar. Gobe ta ƙara makara. Ba ta yi makarantar mishan ba, Mzee. Wannan abin da ke hannunka ba ta san shi ba, wata take bi. Kogin ma da kake ta lasa kamar akuya, ita ke tura masa gishiri in ta cika."

"Har wannan an gani?"

"Garin nan me ba a gani? Me ka sa a ciki ma? Tuwo? Wayyo, baƙon tudu! Ɗauko su, ka biyo ni tun ba ta juyo ba."

Ya ɗora kwandunan a ka ya bi ta, tafiyar kusan rabin mil a kan yashin da jiya da rana ruwa ne. Ta nuna masa wani rami tsakanin duwatsu wanda ba ya ƙafewa, ta cusa ganyen teku a kowane kwando.

"Gobe ƙarfe nawa zan zo?"

"Ka zo in ka ga na fito."

Asabar da hantsi Nyamisi ta dawo daga aiki. Ta tarar da shi a tsakar gida, wando jiƙe har cinya, yana fere kifi bakwai masu zanen toka. Ta dafa da ruwan kwakwa. Ya ci ɗaya, ya tsotse ƙaya, ya ɗauki na biyu.

"Bai kai karfasa ba," in ji shi.

"To in kira mai mota?"

"Wace mota? Gobe ruwa zai makara da kusan awa guda, ina so in auna in gani ko tsohuwar nan ƙarya take. Kwance mini akwatin can, akwai littafin rubutu a ƙasa."