Dattijo Yana Ajiye Motarsa

Ƙofar garejin a buɗe take, duk mai wucewa yana ganinsa. Dogon dattijo ne, kaya sun sha guga kamar mai zuwa biki, amma ga shi durƙushe yana cusa tsumma a bakin salansa don kada ɓeraye su yi gida. Motar irin ta da ce, koriya mai dogon hanci, ta ma girmi 'yarsa da ke tsaye tana latsa waya kamar an aiko ta. An riga an ɗora motar a kan bulo, tayoyin suna reto.

Da hannu yake gani. Sai ya laluba ya sami kan batir, sannan ya kai sifana. Idon ne ya tafi, ba sai an faɗa maka ba. Mutumin da ya saba kai mutane unguwa, yanzu shi za a riƙa kaiwa, kuma sai an ga dama.

"Baba, mai saye ya zo har gida ka kore shi. Wa zai tuƙa ta?"

"Ni mana, idan an yi mini aikin idon."

Ita kuwa likita ya riga ya ja ta gefe ya yi mata bayanin idon. Ta warware tampol, ta fara lulluɓe motar tun daga baya. Yana jin bakin tampol ɗin ya taɓa hannunsa a kan bonet, sai ya riƙe.

"Tsaya nan, uwata. Bar mata fuskar a buɗe. Ai ba mutuwa ta yi ba."