Ba Ta Ji

Saura mako guda a koma makaranta bayan dogon hutun damina, shugaban makarantar yarana ya turo saƙo a zauren iyaye na waya. Zauren nan, in ban da sanarwar suna da tallan turaren wuta da wani bawan Allah mai turo hoton fure kowace Juma'a, babu abin da ake tsinanawa a cikinsa. Ranar dai an yi abin kai: abubuwa bakwai da ya kamata iyaye su yi don shirya yara komawa aji. Da gani ka san daga wani wuri aka kwaso shi, don har da cewa a ware wa yaro "kusurwar karatu mai natsuwa". Tsakar gidana a Gwandu kusurwa huɗu gare ta, uku na awaki ne, ɗaya ta murhu.

Duk da haka na ɗaura ɗamara. Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, in aka miƙo mini takarda mai lamba ɗaya zuwa bakwai har jikina rawa yake yi. Na ɗaya, a riƙa kwantar da yara da wuri. Wannan masu wutar lantarki sun daɗe da ɗauke mana nauyinsa. Na biyu kayan makaranta. Na ce wa tela ya ƙara tsawo yadda za su kai baɗi, ya ɗinko wa babban ɗana wandon da ni kaina zan iya zuwa ɗaurin aure da shi. Littattafai kuwa uwar yaran ta naɗe su da tsohuwar kalanda, littafin lissafi ya fito da hoton wani ɗan siyasa yana murmushi a bangonsa.

Na bakwai ne ya ba ni dariya har na ƙware. Wai a zauna da yaro a tambaye shi yadda yake ji game da komawa makaranta. Ni da aka shirya da aska da kashedi! Mahaifina wanzami yake kira ya kwashe mana gashi tas, sannan ya nuna mana itacen dogon yaro da ke ƙofar gida, inda yake tsinko bulala. Shi ke nan an gama shiri. Na tsallake na bakwai.

Yarana uku ne. Mazan biyu ba su da matsala, in dai akwai abinci ko'ina ka tura su za su je. Ta tsakiya ce damuwata, mai shekara takwas, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Inna. Takardar sakamakonta ta ƙarshen zango, malaminsu kalma uku ya rubuta a ƙasa da jan biro: "Ba ta ji." Ya ƙara mini da baki cewa in ta dawo a haka, aji uku za ta maimaita. Ban yi masa musu ba, don a gida ma haka muke fama. Sai ka kira ta sau uku tana zaune tana wasa da marfin kwalba. A aike ta gishiri ta dawo da ashana. Kunnen ƙashi muke ce mata, har ƙaninta ya koya. Na sha faɗa mata cewa mai sunan nan mace ce mai biyayya, ban san inda ita ta kwaso nata halin ba.

Hutun a Kalgo ta yi shi wajen kakarta, uwar matata. Saura kwana huɗu na shiga motar haya na je ɗauko ta, sai na tarar an yi mini tawaye. Da ta hango ni ta zura bayan rumbu, daga can ta aiko da sanarwa: "Ba ni zuwa makaranta. Nan nika zama."

Surukata tana gaban kasko tana suyar ƙuli-ƙuli. Ita mace ce da Allah ya yi wa baiwar murya. In ta yi salati a Kalgo, ina jin har Wurogauri ana amsawa. Ba ta san raɗa ba, ko sirri za ta faɗa maka sai maƙwabta sun tofa albarkacin bakinsu. Na durƙusa na gaishe ta, na kai ƙarar jikarta, na ce yarinyar nan ba ta ji.

"Wa? Ƙawata?" ta ce, har kaji suka watse. "Malam, wata guda tana gidan ga, ko sau guda ban kira ta tai banza da ni ba. Ku dai bincika gidanku."

Raina ya ɓaci. Akwai dogon yaro a gidan, rassansa sun sauko daidai hannu, kuma na gaji mahaifina ta wannan fannin. Amma wane mai hankali ne zai tsinki bulala a gaban surukarsa? Na yi rarrashi, na yi alkawarin sabon takalmi, na yi zare ido, duk a banza. Da dabara ta ƙare mini na ciro waya kamar mai duba lokaci, idona ya faɗa kan na bakwai. Na ce to, ai ba a biyan tara.

Na jawo turmi na kife shi a bayan rumbun na zauna ta damanta. Kunya ta kama ni, ƙato da gemu zai tambayi 'yar cikinsa irin wannan tambaya, saboda haka na yi ƙasa da murya don kada surukata ta ji ta yi ta ba da labarina har Sallah.

"Inna, ƙaƙa kika ji?"

Ko juyowa ba ta yi ba. Tana zane a ƙasa da tsinke. Na ji wutar nan ta taso mini, na daka mata tsawa: "Magana nika yi miki!"

Ta zabura, ta juyo da kanta gaba ɗaya har ta ba ni ɗaya gefen fuskarta. "Mi kac ce, Baba?"

"Cewa nay yi, ƙaƙa kika ji?"

Ta yi ɗan tunani, kamar wadda aka yi wa tambaya mai sauƙi tana neman inda tarkon yake. Sai ta ɗora yatsa a kunnenta na hagu. "Da wanga nika ji." Ta taɓa na dama. "Wanga ba shi yi."

Na ce ba ya yin me? Ta ce ba ya yin komai, sai dai wani lokaci ya yi ta ƙugi. Tun yaushe? Tun ciwon nan. Nan na tuna: shekara biyu da suka wuce ta yi zazzaɓi, kunnen ya yi ruwa, muka ɗiga mata maganin kemis, ruwan ya tsaya, muka yi hamdala muka manta. A makaranta kuma, da malam ya ga ba ta amsawa, sai ya hukunta ta da bencin ƙarshe a jikin bango. Kunnen mai aiki yana sauraron bango, maras aiki yana fuskantar aji. Kullum a tambaye ta, kullum ta yi zuru, kullum a tsula mata.

"To mi ya hana ki hwaɗa muna?" na ce, har da guntun faɗa, don na saba.

Ta dube ni da mamaki na gaskiya. "Ai kullum kuna cewa ba ni ji. Na aza kun sani."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma na yi abubuwan kunya da dama a rayuwa. Daga gaban kasko surukata, wadda ashe ta ji komai, ta yi wani salati a hankali. Shi ne karo na farko da na san tana da ƙaramar murya.

Kashegari ni da uwarta muka kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Likita ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta ce dodon kunnen ya huje tun tuni, za a yi magani, wani jin zai iya dawowa amma ba ta yi alkawari ba. Ta tambaya yaushe muka lura. Na dubi uwar yaran, ta dubi silin.

Ranar komawa ni na riƙe hannunta har cikin aji, tana tafe tana tuntuɓe da rigar da tela ya ɗinka don baɗi. Na ce wa malam ina roƙon a dawo da ita bencin gaba, ta gefen da kunnen hagu zai fuskance shi. Ya yi murmushin masu haƙuri da iyaye, ya ce, "Alhaji, ai matsalar ɗiyar ga ba ta ji."

Na ce, "Haka na, malam. Ba ta ji." Na miƙa masa takardar likita. Ya karanta, ya sake karantawa, ya je da kansa ya ɗauko mata jakarta da ta riga ta ajiye a bencin ƙarshe.

Akwai magana ɗaya da ta tsaya mini a wuya tun Kalgo. Da ta zauna na sunkuya kamar zan gyara mata hijabi, na zaɓi kunnen dama da gangan, don ni uba ne kuma matsoraci, na ce, "Inna, ki yahe mini."

Na miƙe ina jin na sauke nauyi a ɓagas. Sai ta riƙe mini hannun riga, ta juyo da kunnen hagu, 'yan ajin kaf sun zuba mana ido.

"Mi kac ce, Baba?"

Na sake sunkuyawa na faɗa.