Kunzugun Manaja

Shekara talatin da ɗoriya Inna Tela ta yi tana taka keke a shago na huɗu a layinsu, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a sami wanda ya ce ta ci masa yadi ba. Abin tinƙahonta ke nan. Ɗinkin nata, in za a faɗi gaskiya, ba na a zo a gani ba ne. Hannun riga iri ɗaya take yi tun tana budurwa, kuma in kika nuna mata hoton sabon yayi sai ta kalle shi, ta kalle ki, ta ce, "Wannan ai ba a gama ɗinka shi ba aka ɗau hoton." Amma in kin kawo yadi shida aikin ya ci biyar da rabi, za ki tarar da rabin nan a ninke cikin ledarki. Abin da take riƙewa kawai shi ne wanda almakashi ya zubar ƙasa, ƙyallayen da ba su wuce tafin hannu ba. Su take sharewa ta zuba a buhu bayan ƙofa, kamar yadda kowane tela yake yi.

Tun da mijinta ya rasu 'ya'ya suka watse gidajensu, a ɗan ɗakin da ke bayan shagon take zaune, ita da wani farin muzuru mai ɗigon baƙi a hanci. Mai aski ne ya raɗa masa suna Manaja, don ba ya tsinana komai sai hawa teburin yanka ya harɗe yana bin almakashi da ido. Da shi take hira, shi take yi wa faɗa, kuma shi kaɗai ne a duniya ba ya ce mata ta huta ta tsufa.

Wata rana da yamma hadari ya taso da iska. Ta jawo ƙofar ƙarfen shagon da ƙarfi, daidai lokacin da Manaja yake saɗaɗowa ciki. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnenta. Da ta ɗauke shi babu jini ko ɗigo, sai dai jelarsa tana reto kamar jiƙaƙƙiyar igiya.

Likitan dabbobi, wani dogon mutum mai magana ƙasa-ƙasa, ya mintsini gindin jelar. Manaja ko waiwayowa bai yi ba.

"Mama," in ji likitan, "jijiyar da ke gaya masa bayan gida ya zo ita ce ta taɓu. Za ki ga yana ɓata wuri. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma taurin kai ba. Bai san yana fita ba ne."

"To, za ta haɗe?"

"Wani lokaci takan dawo cikin wata ɗaya ko biyu. In aka kai wata shida shiru, sai haƙuri." Sannan ya ce akwai kuma allurar da ake yi wa dabba ta yi barci ba ta farka ba, in wahalar ta yi wa mutum yawa.

Inna Tela ta ƙanƙame kwandon da ta kawo shi a ciki. "Ni na rufe masa ƙofa, kuma ni zan kawo shi a rufe masa ido? A'a, Likita. Gaya mini dai yadda zan yi."

Ya gaya mata, ta kuwa bi tiryan-tiryan. Abinci sau biyu a rana, kaɗan-kaɗan, a lokaci guda. Ta aske gashin da ke kewaye da wurin. Duk sanda ya ɓaci ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta tsane, ta shafa mai don kada fatar ta saɓule. Ta shimfiɗa leda a inda yake kwanciya, ta hana shi hawa teburin yanka, abin da bai taɓa yafe mata ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da yake karya mata zuciya shi ne kwanon yashin da ya saba yin bayan gida a ciki. Kullum da safe sai ya je ya tona rami da kyau, ya tsuguna, ya jira. Ba abin da ya fito. Ya juya ya binne ramin nan da babu komai a ciki, a natse, ya taho da taƙamarsa, abin yana zuba a bayansa ɗaya bayan ɗaya a kan siminti. Ran da ta fara ganin haka ta zauna a kan kujerar keke ta yi kuka har ta gode Allah.

Tela dai tela ce. Da goge-gogen siminti ya ishe ta sai ta ɗauko tef ta auna ƙugunsa, ta yanka samfuri a takardar kwali, da ɗan rami na jela. Ta zazzage buhun ƙyallaye, tana haɗa uku huɗu su zama faffaɗa ɗaya, ta ninka, ta sa roba da maɓalli. Kunzugu ya fito tsaf, mai aski har da tafi. Sau uku ko huɗu take canja masa a rana. Wasu sukan wanku, wasu kuwa ko kallonsu ba a yi, sai shara. Ba ta damu ba, buhu a cike yake, kuma ƙyalle ai ba na kowa ba ne.

A nan ta yi kuskuren da tela ce kawai za ta yi shi. Ita a idonta abin da ya faɗi ƙasa ya tashi daga yadi ya koma shara. Ta manta cewa mai yadi tana gane kayanta ko da ɗan yatsa ne.

Malama, wadda ke koyarwa a makarantar bayan layin, shekara ashirin tana kawo mata ɗinki, kuma ita ta jawo mata rabin matan da ke aiki a can. Ran nan ta zo gwajin wata koriyar riga mai furanni ruwan ɗorawa. Tana tsaye gaban madubi tana juyi, sai ga Manaja ya fito daga ƙarƙashin keke yana miƙa, sanye da koren kunzugu mai furanni ruwan ɗorawa, ya yi nauyi ta baya. Warin ya riga shi isowa. Wani da ke jiran aski a benci ya leƙo, ya tuntsire da dariya.

"Inna Tela," Malama ta ce, "ni da mage kika ɗinka wa kaya iri ɗaya?"

"Ƙyalle ne, Malama, na ƙasa. Wallahi ragowarki na nan cikin leda, auna ki gani."

"Ba sai na auna ba."

Ta shiga bayan labule ta tuɓe rigar, ta bar ta a kan kujera, ta fita ba sallama. Kafin mako ya zagayo labarin ya yi ƙafa. A bakin mutane ya tashi daga ƙyalle ya koma yadi guda, daga baya ma aka ce da gangan take rage wa mutane kaya don ta yi wa mage sutura. Shekara talatin na ninke ragowa cikin leda, ba wanda ya tuna. Waɗanda ba su ji labarin ba kuma hancinsu ya gaya musu, don duk turaren da take fesawa bai hana mata su shinshina ɗinkinsu a gabanta ba.

Aiki ya ja baya, sannan ya tsaya. In babu yanka babu ƙyalle, sai buhu ya fara ramewa har ya kwanta a ƙasa. Ta yanka tsofaffin zannuwanta, ta yanka labulen gwaji, tunda ba mai gwaji. Wata shida suka cika. Ta mintsini gindin jelar da kanta, Manaja ya ci gaba da lasar hannunsa.

A makon ne Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi igiyar shanya da aka ɗaura a cikin shago, 'yan ragowar kunzugu na reto a kai.

"Inna, ki taho wajenmu mana. Ɗaki na nan. Amma kin san baban yara ba zai yarda da shi kusa da jaririya ba."

"To ai kin ba kanki amsa."

"Har yaushe za ki yi ta wannan?"

"Har ya gaji ko na gaji."

Auta ta ƙaraso ciki. Ta ciro sabon yadi daga jaka, shuɗi mai laushi, ta ce riga take so, wai duk garin ba mai iya mata wuyan riga sai Inna. Inna Tela ta san tausayi ne, ta karɓa don ba ta da bakin ƙi.

Da Auta ta tafi ta shimfiɗa yadin a tebur. Auduga ce zalla, irin mai shan ruwa, wadda ba ta cin fata. Ta san awon 'yarta da ka. Ta ja layi da alli, ta tsaya tana kallonsa. Kunzugu biyu ne suka rage a igiya, duka sun fara yagewa. Ta goge layin da yatsa, ta matso da shi ciki. Ta sake matsowa. Ta sa almakashi, tana jin kunyar da ba ta taɓa ji ba a rayuwarta.

Bayan kwana uku Auta ta dawo. Da ƙyar rigar ta wuce kafaɗa, ta kama ta a ƙirji har numfashi na yi mata wuya. Ta buɗe ledar, babu ragowa. Ta ɗaga kai ta ga sababbin shuɗɗan kunzugu guda shida a igiya, ta yi sauri ta mai da idonta kan madubi.

"Kai, Inna," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, "ashe ƙiba na yi haka ban sani ba."

A bayansu Manaja yana cikin kwanon yashi, yana binne raminsa a natse.