Makon Tabarma da Makon Turmi

Shekarun baya, aka gano mahaifiyata tana da kansar nono. Bayan tiyata aka ɗora ta a kan maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya, duk bayan 'yan makonni sai mu bar Bolewa mu tafi wani babban asibiti a Gombe. An gaya mana gashi zai zube, za a yi amai. Zancen gajiya kuwa, in ma an faɗa, ta bayan kunnena ya wuce.

Da muka dawo daga karɓar na farko, kwana kaɗan Inna ta zube. Matar da ke turka raguna ita kaɗai, har ta bi dillali Kasuwar Shanu don kada ya yi mata wayo, ita ce kofin ruwa ya gagare ta ɗauka. Sallah a zaune, daga baya a kwance. Ran nan ta kira ni da ƙyar, ta ce, "'Yar nan, ki yafe min."

Ni kuwa uwar gaggawa, na fita ina kuka na buga wa yayanta da ke Maiduguri da Gwaggona ta Kano, na ce in suna son ganin ta da rai su taho.

Kafin su kintsa su iso an kwana biyu. Gwaggo tun daga zaure ta fara salati. Suna shigowa suka tarar da Inna a tsakar gida, ta ɗaure zani tamau, tana daka tana yi wa rago faɗa.

Gwaggo ta saki baki. "Wannan ce rai a hannun Allah?"

Kawu ya dube ni kawai. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Aka kwashe da dariya, amma ba ta daɗe ba, don Inna ta ajiye taɓarya ta ce, "Yaya, ka gani da idonka. Allah ya amsa addu'a, na warke. Ruwan nan nasu shi ya so ya kashe ni, ba inda zan koma." Na roƙa, na yi kuka, ta ce ai an ga iyakar sanina. Tsoro ya kama ni sosai, don likitarta ta ce in aka katse maganin ciwon na iya dawowa.

Kawu ne ya ce, "To, tashi mu je ki faɗa musu da bakinki. Ni zan kai ki."

A can likitar ta saurare ta tsaf, ta ce, "Mama, gajiyar nan tafiya take tana dawowa. In an sa magani ta danne ki, kafin na gaba ta sassauta. Kwanciyar ba mutuwa ba ce, tashin ma ba warkewa ba ce tukuna." Ta kuma gargaɗe mu cewa gajiyar za ta riƙa ƙara nauyi in zagayen ya yi nisa. Sai Inna ta miƙa hannu aka sa mata ruwan.

Inna ce ma ta raɗa wa makonnin suna, makon tabarma da makon turmi. Masu dubiya muka koya musu su zo a na turmi. Wajen ƙarshe na turmin ya ƙanƙance ƙwarai. Bayan an gama kuma, wata mata da suka yi jinya tare ta koma kitsonta da wuri, Inna kuwa ta kusa shekara tana jan jiki, yau da dama gobe babu, kafin ƙarfinta ya zauna.

Abin ya koya min kada in yanke wa majinyaci hukunci da abin da na gani rana ɗaya. Alhamdulillahi, gwajinta na fita lafiya har yanzu. Amma in ta yi kwanciyar rana gabana yakan faɗi, in je in tsaya a bakin ƙofa ina kallon numfashinta. Ko ido ba ta buɗewa take cewa, "Matsa min, kin tare iska. Gajiya ce irin ta kowa."

Wallahi babu korar da nake jin daɗinta kamar wannan.