Hular da Na Rataya a Makunnin Inji

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, na yi leburanci a wani kamfanin gurzar auduga a Gusau. Daga 'Yankuzo na zo. In an gama aikin gona sai in shigo gari in kama aiki, har damina ta kira ni gida.

Ni ban yi boko ba. Yawancinmu ma haka. Jikin kowane inji akwai rubutu ja da rawaya, duk da Turanci, mu kuwa ado muka ɗauke shi. Akwai kuma wani jan allo na ƙarfe da aka ce a riƙa ratayawa a makunni in mutum ya shiga cikin inji. Ranar da murfin randarmu ya fashe, allon ya koma can. Ya kuwa yi mata daidai.

Muna da namu tsarin. In za ka shiga inji, ka kashe shi, ka cire hularka ka rataya a hannun makunni. Duk wanda ya ga hula ya san mai ita yana ciki. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Ni ina wajen injin da ke danne auduga ya mai da ita dila, wato babban ƙunshi. Akwatin ƙarfe ne, zurfinsa ya fi tsayin mutum. A cika shi da auduga, sai wani faifan ƙarfe ya sauko daga sama ya matse ta ta koma kamar dutse. Makunninsa yana bayan bango, daga can ba a ganin akwatin.

Ran nan wayar ƙarfe da ake ɗaure dila da ita ta maƙale a ƙasan akwatin. Ana shirin fita sallar Azahar, na ce bari in cire ta kafin a dawo. Na kashe inji, na rataya hula. Abokina, mutumin Furfuri, ya wuce da buta a hannu.

Ya ce, "Kai, wagga hula taka ko kare ba ya ɗaukar ta. Yaushe rabon ta da ruwa?"

Na ce, "Ranar da ka wanke bakinka."

Ya yi dariya ya tafi. Na sa tsanin katako na sauka.

Wayar ta yi gardama. Ina durƙushe ina fama da ita, sai na ji ƙarfen da nake takawa ya fara rawa. Na san wannan rawar. Na ɗaga kai. Faifan ya taso, hasken da ke shigowa ta sama yana ragewa.

Na yi ihu. Ihu a ɗakin gurza ba ya zuwa ko'ina, sauran injuna ba a kashe su ba. Na kama tsani zan hau, sai na ga ba inda zan hau zuwa. Faifan ya rufe bakin akwatin. Duhu.

Sai tsanin ya fara kuka. Na ji shi yana lanƙwasa, yana tsagewa, sannan ya tarwatse. Wani guntu ya shige mini kafaɗa. Ban ji zafi ba a lokacin. Abin da ya zo mini shi ne, katakon nan ya fi ƙashina ƙarfi.

Na durƙusa. Na kwanta rubda-ciki. Na dinga dukan ƙarfe da filayar da na shiga cire wayar da ita. Na so in yi kalmar shahada, bakina ya cika da ƙurar auduga, sai a zuci na yi ta. Na tuna mahaifiyata. Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, a'a, abin da za a kai mata a ce ni ne.

Ƙarfe ya taɓa bayana. Sanyi gare shi. Ya ƙara sauka, iska ta fita daga ƙirjina ta ƙi komowa. Sai ya tsaya.

A asibiti na ji sauran labarin. A makon nan aka ɗauki wani sabon ma'aikaci, Kirista, mutumin Binuwai, ya yi aiki a wani kamfani a kudu. Oga ya ce masa ya tayar da injin kafin mutane su dawo. Ya je, ya duba babu jan allo. Inda ya fito, in babu allo babu mutum. Ya ga hula, ya ɗauka wani ya manta. Ya cire ta, ya kunna, ya fito tsakar kamfani yana ɗaga ta.

"Malam, wa ya manta hula?"

Abokina yana alwala, ƙafa ɗaya ta rage masa. Ya ce, "Ina ka samo ta?"

"A kan makunni."

 Abokina ya yar da buta ya ruga ba takalmi, ya kashe injin. Da hular nan mai tsabta ce irin ta kowa, da sai ya tsaya tambayar ta wa ce. Daga nesa ya gane ta.

Haƙarƙarina ya karye, kafaɗar nan kuma har yau ba ta ɗaga sama. Sabon ma'aikacin ya zo duba ni, ya tsaya bakin gado. Ya miƙo mini hular. Ya wanke ta fes.

Ya ce, "Malam, na rantse ban sani ba."

Na ce, "Zauna. Ni ma ban san allonka ba."

Da na koma aiki, an sa kwado a kowane makunni. Mai shiga inji ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuyansa. An zana hoton mutum a cikin akwati an manna, ba sai ka iya karatu ba. Randa kuma aka saya mata murfi.

Ban riƙe sabon ma'aikacin a zuciya ba. Shi yana neman allo, ni na bar hula, kowa ya yi abin da aka koya masa, kuma da hakan aka kusa kai ni gida a buhu. Alamar da sai ɗan gida ke gane ta ba alama ba ce. Wadda sai mai boko ke karantawa, ita ma haka.

Na daɗe da barin aikin. Amma har yau, ko a masallaci na ga hula rataye ita kaɗai, sai in shiga waige-waige. Ba na zama sai na ga mai ita da idona.