Azarar da ta ratsa ɗakin Inna

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta da su, wasu ma sai yara sun tuna mini. Amma ranar da katafila ta iso bayan ɗakin uwar maigidana, wadda muke kira Inna, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Gidanmu yana Tudun Wada, a bayan wani layin tsofaffin shaguna masu kallon titi. Ginin ƙasa ne dukansu, daga baya aka yi musu yaɓen siminti. Akwai tela, akwai mai gyaran rediyo da ya koma gyaran waya, akwai mai hoto, da wani dattijo mai sayar wa ɗaliban jami'a da ke unguwar Kongo tsofaffin littattafai. Wata shekara sai muka ji wani kamfani ya saye layin gaba ɗaya, za a rushe a tayar da dogon bene na ofisoshi. Aka kafa allo da hoton benen, duk gilashi. Ni da na yi yaƙi da jahilci da girmana, sai da na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kafin na gane abin da ake nufi. Aka bi shagunan aka shafa musu jan fenti. Gidanmu ba ya ciki, don haka hankalinmu a kwance yake.

Hankalin Inna ne kawai bai kwanta ba. A lokacin idonta ya riga ya tafi. Ɗakinta soro ne, bangonsa ɗaya da shagon telan, kuma ta san shi da tafin hannu, daga randa zuwa gado ba ta neman ɗan jagora. Tun da ta ji labarin take cewa, "In suka taɓa shagon tela, ɗakina suka taɓa." Wai marigayi mijinta da mai shagon na farko aminai ne, tare suka yi gini, magini ɗaya, suka haɗa bango don sauƙi, aka gitta azara a kansa, rabi a shago rabi a ɗaki. Ta faɗa da safe, ta faɗa da yamma. Allah ya yafe mana, mun ɗauka tsufa ne. Maigidana ya je ya ga takardar aikin, ya dawo ya ce an auna, iyakarsu ba ta kai mu ba. Ya koma Kaduna wurin aikinsa.

Ranar wata Talata da bazara katafila ta fara daga can ƙarshen layin. Kafin hantsi ya dubi ludayi shaguna uku sun zama tudun ƙasa. Duk sanda ta buga, sai ƙasa ta zubo daga rufin Inna, har cikin kokon da na kai mata. Na roƙe ta ta dawo ɗakina.

"Ba inda za ni, 'yar nan," in ji ta. "In na fita, wa zai faɗa musu?"

Na kira maigidan, wayarsa ba ta shiga. Ni kuwa ba mai magana cikin maza ba ce, ko a gida sai an ce in ƙara faɗa. Amma na dubi rufin, na dubi tsohuwar nan zaune da carbinta, na zura hijabi na fita.

Direban katafilar na fara samu, ya sauko shan ruwa. Na yi masa bayani, bai ko ji rabi ba.

"Mama, don Allah matsa, kada ƙarfe ya gaishe ki. Mu abin da aka shafa wa ja muke ci. Ga Injiniya can."

Na waiga ina neman wani babban mutum mai tumbi. Ashe yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yata ba, da hular kwano a kan ɗankwali, da takalmi irin na soja, ta naɗe takarda a hammata. Na gaishe ta, na fara magana, injin ya sake tashi ya haɗiye muryata. Ta sunkuyo da kunnenta, ba ta ji ba. Sai ta ɗaga hannu ɗaya sama. Nan take ƙarar nan da ta cika unguwa tun safe ta mutu. Saboda ni. Kunya ta kama ni har na rasa ta inda zan soma.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe takardarta ta nuna mini wani layi. "Mama, ga iyakarmu, ga taku. Ba abin da zai same ku."

Na ce, "Ni dai ban san takarda sosai ba. Tsohuwa ce ta ce azarar guda ce."

Ta naɗe takardarta. "Tana nan? Mu je in gaishe ta."

A ƙofar ɗaki ta kwance igiyar takalman nan ta cire su, ta shiga ta durƙusa.

"Ke ce mai aiko mana da girgizar ƙasa?" in ji Inna.

"Ni ce, Inna, a yafe ni."

"Au, mace ce ma? Ikon Allah. To ke, ana kwance ƙulli ba a tambayi wanda ya ƙulla ba?"

Injiniya ta yi dariya, ta ce a ara mata turmi. Na kifa mata shi, ta hau, ta haska fitilar wayarta, ta kankare ƙasar saman bangon da makulli. Daga nan ta zagaya shagon telan, ta sa aka ɓalle silin ɗin da ya rufe rufin shekara da shekaru. Da ta dawo fuskarta ta canza.

"Gaskiyar Inna ce," ta ce mini a hankali. "Da mun ja shagon nan, da rufin ya sauko mata a kai."

Abin da ta yi bayan wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Ta koma ta durƙusa ta ce, "Inna, ni rodi da kankare aka koya mini. Wannan aikin ban san shi ba. Wa ya sani?" Ban taɓa jin mai digiri ya faɗi haka a gaban mutane ba. Inna ta ce ƙanen maginin, wanda suka yi ginin tare, yana Tudun Jukun in yana da rai. Injiniya ta ba da motarta aka je nema.

Kafin a dawo wayarta ta yi ta ƙara. Ina daga zaure na ji tana cewa, "Ranka ya daɗe, katafila za ta jira. In kana so ka kawo wani injiniyan, ka kawo, amma ni ba zan ce a ja ba." Ba ta ɗaga murya ba. Direban kuwa ya shimfiɗa kwali a inuwar motarsa yana cewa, "Yau na ga abin mamaki, soro ya kayar da katafila."

Bayan azahar aka kawo tsohon maginin, siriri, yana dogara sanda. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Aikin yayana ne," ya ce. "'Yata, kin san ɗan garuwa? Sanda ɗaya, garwa biyu. In kika sauke masa ta gaba ba ki tallafi ta baya ba, me zai faru?"

"Za ta faɗi, Baba."

"To ashe an koya muku wani abu a makarantar."

Leburori suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta ciro biro tana rubuta abin da yake faɗa. Ya ce da farko a tokare rufin ɗakin daga ciki da itatuwa masu gwafa. Sannan a hau shagon a sauke ƙasar rufinsa da diga da kwando, da hannu. In azara ta fito fili, a yanke ta da zarto ɗaya bayan ɗaya, a bar kamu guda a waje. Bangon kuwa ba a taɓa shi, ko da takarda ta ce nasu ne.

Saura fitar da Inna, abin da ya gagare ni tun safe. Injiniya ta ce, "Inna, muna bukatar mai duba mu. Ki zauna a tsakar gida, in kin ji mun yi ba daidai ba ki tsawata mana." Sai ga Inna ta miƙa hannu a ba ta sandarta. Kwana uku tana kan tabarma a gindin darbejiya tana ba da umarni, har da gaya wa masu zarto cewa hannunsu ya mutu, zamanin da mata ma sun fi su.

A rana ta uku aka yanke azara ta ƙarshe. Saura sauran bangayen shagon, su kuma sai katafila. Akwai wata tsohuwar tsaga a bangon Inna. Tsohon ya kwaɓa yumɓu ya shafe ta, ya bari ya sha iska, ya ce in bango ya motsa ko da ƙwayar gero, yumɓun zai faɗa mana. Direban nan mai baki ya hau motarsa, ya ce bismillahi da ƙarfi. Wallahi ban san ƙarfe yana da ladabi ba sai ranar. Ya riƙa ɗibar ginin kaɗan-kaɗan yana janyewa baya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni dai ina riƙe da hannun Inna.

Da injin ya mutu tsohon ya shiga ɗakin, Injiniya na bin sa da fitila. Can ya leƙo ya ce, "Hajiya, shigo ɗakinki." Yumɓun bai tsage ba. Inna ta shiga tana shafa bango, daga ƙofa har gado, ta zauna, ta ce a kira mata yarinyar. Ta dafa kanta, hular kwano da komai, ta yi ta sa mata albarka.

Kafin ruwan farko Injiniya ta sa aka yaɓe bayan bangon, aka matsar da katangarsu ta bar shi. Inna ta ƙara damina huɗu a ɗakinta lafiya lau. Benen yana nan yanzu, ya tare mana ranar safe, shanya ba ta bushewa da wuri, kuma har yau nakan yi kewar ƙarar keken telan. Injiniyar ban sake ganinta ba bayan an gama aikin.

Na daɗe ina tunanin abin. Yarinyar nan tana da takarda, tana da katafila, tana da masu matsa mata daga sama, amma ta cire takalmi ta hau turmi saboda maganar makauniyar tsohuwa da ba ta taɓa gani ba. Ni kuwa da nake yi wa Inna wanka, nake dama mata koko, makonni tana faɗa mini gaskiya ina cewa to, to, ban taɓa ɗaga kaina na dubi rufin ba. Wannan shi ne darasin da na ɗauka: sauraro ba cewa to ba ne. Tun daga ranar, in babba ya maimaita mini magana, nakan ajiye abin da ke hannuna in tashi in je in duba.