Karfasa Arba'in na Sallau

Duk wanda ya zauna gaɓar Wara a shekarun da aka tare kogi a Kainji ya san Sallau. A tsibiri aka haife shi, kuma tun bai isa jan taru ba innarsa, mai bandar kifi, ta koya masa ya birkita karfasa ya dubi ƙasan cikinta. Na namiji ɗan tsini ne, na mace mai faɗi ne da tsaga. Namijin shi ke haƙa rami a yashi, macen ita ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Sallau bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba, a wurinsa kamar bambance zakara da kaza ne.

Da ruwa ya ci tsibirin, aka kwaso mutanensa aka zube a tudu. Sai ga wani ma'aikacin kiwon kifi, Malam Yusha'u, ya sa an haƙa tafki, wai a koya wa masunta yadda kifi ke haihuwa. Ku ji fa, masunta! Aka ba Sallau gadi.

Ranar zuba iri, Malam Yusha'u ya tsaya kan akwatin gilashi yana zaɓen manya masu jan wutsiya, har arba'in.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan duk maza ne."

Malam Yusha'u ya ce, "Kai dai aikinka gadi."

Sau uku Sallau ya faɗa, sau uku aka ba shi amsar nan. Ya koma gindin bukkarsa.

Wata takwas ana zuba dusa, kifi ya yi ƙiba, amma ko ɗan kifi ɗaya bai bayyana ba. To, mutumin da ya yi karatu ai ba ya kuskure, dole a nemo mai laifi. Malam Yusha'u ya je gaban mai gari ya ce mai gadi ke kwashe 'ya'yan. Wannan shi ne rashin kunya. Sallau, wanda ko tarun wani ya tsinta a ruwa sai ya bi gari-gari ya mayar, yau shi ake nunawa da baki a kasuwa. Matarsa Dudu ta daina kai banda Yelwa, don an tambaye ta ko na tafkin ne.

Ran Sallau ya ɓaci ƙwarai. Ya roƙi mai gari a ja taru a gaban kowa. Aka ja. Yana ɗaukowa ɗaya-ɗaya, ya birkita, ya miƙa wa tsofaffin masunta, kowa ya duba ya ce namiji. Arba'in cif, ba wanda ya ɓace, ba mace ko guda. Sannan daga cikin ƙwarya ya ɗauko wata 'yar ƙaramar karfasa da ya kamo a bakin ruwa da safen nan, ya buɗe bakinta, ƙwai ya zubo masa a tafin hannu.

Malam Yusha'u ya gyara hula ya ce, "Baba, ai da ka gaya mini."

Sallau ya dube shi ya ce, "Aikina gadi, ranka ya daɗe."

Ya mayar da macen cikin ƙwarya, ya sauka gaɓa ya sake ta. Da yamma Dudu ta hura wutar banda.